Wanda Saude Take Kira Yaya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta, ya saukar da maganinta. Saude ta samu sauƙi. Yanzu haka ina jin ƙarar rariyarta a tsakar gida, kuma da izininta nake wannan rubutu. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: kada in ƙawata ta kamar matan cikin littafi, in faɗi abin yadda ya faru ko wata ta tsira. Zan ƙoƙarta, ko da yake hannuna ya saba da ƙawa.

Ni malamin firamare ne a Malumfashi, aji shida nake riƙe da shi. Tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, irin waɗanda ake bayarwa haya a bakin kasuwa. Na yayata nake ɗauka in ta tafi islamiyya, in mayar kafin ta dawo. A cikinsu na koyi yadda ake gane wanda so ya kama: abinci ya fita ransa, ya riƙa murmushi shi kaɗai, ana yi masa magana hankalinsa yana wani gari. A cikinsu kuma na koyi cewa duk yarinyar da ke da wani Yaya a dangi, mai mota da ƙamshin turare, zuciyarta tana wurinsa ko wa ta aura.

Saude tana da irin wannan Yayan. Mansir sunansa, ɗan gwaggonta, dillalin hatsi a Funtuwa. A hannun mahaifiyarsa, Gwaggo Talatu, Saude ta tashi. Taubasai ne, wasa a tsakaninsu ba laifi ba ne. Yana ce mata matar mai alli, tana ce masa ɓeran rumbu. In ya biyo ta garinmu zai je cin kasuwar Kafur ko Musawa, yakan tsaya ya sauke mana doya ko rake, sai in jiyo Saude tana wata irin dariya da ni ban taɓa samu ba. Ni Malam take ce mini, kanta a ƙasa. Na sha roƙonta ta sa mini wani suna mai taushi, ta ce kunya take ji. Mansir yana da matarsa, amma a littafi wannan ba ya hana komai.

A shekarar da abin ya faru, hedimasta ya ɗora mini darasin yaƙi da shaye-shaye, duk ranar Alhamis bayan tara, wai bakina yana da labari. Na ji daɗin aikin. Nakan zana saurayi a allo, ido ja, wando a yage, gashi buzu-buzu. Ina ba yara labarin 'yan ƙwadagon da ke jefa ƙwaya a shayi don su wuni suna karyar masara ba gajiya, da samarin da ke shaƙar sholisho a bayan tasha. Mukan yi ɗan wasan kwaikwayo, wani yaro ya yi tangaɗi ya faɗi, aji ya kwashe da dariya, sannan in ce su faɗa mini abin da ya rasa: lafiya, karatu, mutunci. Duk mutanen da ke cikin darasina maza ne, kuma dukansu a waje suke kwana.

Da farkon damina Saude ta yi ɓari. Cikinmu na farko ne, bayan mun daɗe muna jira. Ta warke a jiki, amma tari ya kama ta, barci kuma ya ƙaurace mata. Maƙwabciyarmu Hajiya Uwani, mai kitso, wadda matan layi ke taruwa a gidanta da hantsi, ita ta aiko mata da maganin tari. Na ga kwalbar a kan tebur, har na aika mata da godiya. Tarin ya tafi, barci ya dawo.

Ya dawo da yawa. A makonnin da suka biyo baya, in na taso daga makaranta sai in tarar da ita kwance, tukunya ta ƙone a murhu. In ta tashi idonta a lumshe, muryarta a sanyaye, tana murmushi ba tare da an ce komai ba. Tuwo ta daina ci, sai lemon kwalba. Tana yawan sosa hannu da wuya, ta ce sabulu ne. Ta yi ƙorafin cikinta ya ƙulle, na sayo mata gwanda. Wani lokacin in yi mata magana sau biyu kafin ta juyo, kamar wadda aka kira daga nesa. Da yamma kuma, wasu ranaku, sai ta kasa zama wuri ɗaya, tana leƙen zaure, tana duba waya.

Kusan duk waɗannan na faɗa wa yara da bakina ranar Alhamis. Amma a gidana da idon littafi na karanta su. Na ce a raina matata so take yi, kuma ba ni ba ne.

Wata Talata, bayan an koma makaranta daga dogon hutu, aka tashe mu da wuri saboda taron malamai. Na jingine babur a waje don kada in tashe ta. Ina cikin zaure na ji muryarta a waya, ƙasa-ƙasa.

"Wallahi yau ban sa Yaya a ido ba, jikina duk ya mutu. Ki taimaka ki turo shi kafin Malam ya taso."

Na tsaya riƙe da hulata. Na koma waje a hankali, na zauna a kan dakalin masallaci ina kallon ƙofar gidana har la'asar. Ba mota, ba Mansir. Wata 'yar talla kawai ta shiga ta fito. Na ce ya hango ni ne ya juya.

Makonnin nan ba na fatan kowa ya ɗanɗana su. Ban ce mata komai ba, domin jaruman da na sani ba sa tambaya, haƙuri suke yi har gaskiya ta bayyana da kanta. Na rame fiye da ita. In ta yi lalle sai in ce don wa. In ta yi shiru sai in ce tunanin wa. Mansir ya zo da sabuwar masara ya ce a gasa, na karɓa ina duban agogon hannunsa da farar shaddarsa, ina auna su da rigata da alli ya cinye. Da ya tafi na raba wa maƙwabta masarar. Har na fara shirya kalmomin da zan faɗa mata ranar da zan ce ta je gida, kalmomi masu kyau, irin waɗanda za ta tuna ta yi kuka.

A aji abin ya warware. Littafin da aka ba mu na darasin, sunayen kayan mayen da ke ciki duk na Turanci ne, yara ba su san su ba. Don haka na ɓullo da wata hanya: su faɗa mini sunan da ake kiran abin a unguwarsu, da sharaɗin kada a ambaci sunan kowa. Ranar hannaye suka tashi. Wannan ya faɗi na 'yan ƙwadago, wancan ya faɗi na 'yan tasha, ina rubutawa muna bayani. Sai wata yarinya mai suna Nafisa, daga bencin baya, ta tambaye ni na mata fa. Aji ya yi dariya. Na ce mata ba sa sha.

"Suna sha, Malam," in ji ta. "Na tari ne, a lemo ake zubawa. A layinmu Yaya suke ce masa don kada maza su gane. Sai ka ji an ce, Yaya ya iso?"

Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Abin da na fara ji kuwa daɗi ne, daɗi mai sanyi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba Mansir ba ne. Sai da na hau babur na kusa rabin hanya sannan tsoro ya zo ya zauna inda daɗin ya tashi.

Na tarar tana barci. Na duba ƙarƙashin gado, na duba akwati, babu komai. Sai idona ya kai kan kwanukan jerenta, samirun nan da aka kawo ta da su, waɗanda namiji ba ya taɓawa. Na buɗe na sama. Kwalabe ne, wasu fanko, wasu da saura, an naɗe su da tsumma don kada su yi ƙara. Maganin tari mai kodin. Na kwashe su na nufi makwararar tsakar gida na fara tsiyayewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar kwalba ce ta tashe ta. Ta fito da gudu, ɗankwali ya faɗi, ta durƙusa ta rungume ƙafata.

"Malam, ka bar mini rabi. Don Allah rabi kawai."

Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa riƙe ni da irin wannan ƙarfin ba. Na dubi hannayenta a ƙwaurina, na dubi kwalbar, na tsiyaye sauran har ɗigon ƙarshe. Na ce mata daga yau an gama. Na kulle ƙofar gida, na karɓe wayarta. Na ɗauka na cece ta.

Washegari ta wuni tana hamma, hanci na zuba, hawaye na zuba ba kuka ba. Kwana na biyu gumi ya rufe ta alhali tana rawar sanyi. Ta ce ƙasusuwanta ake sara. Sai amai, sai gudawa. Ta kasa kwanciya, ta kasa zama, tana murza ƙafafu a tabarma har fatar ta yi ja. Na ɗauki hutu a makaranta na ce zazzaɓi ne.

Dangi suka cika gida, kowa da maganinsa. Inna, mahaifiyata, ta ce iska ce, mai ɓari ba ta da tsari, aka kira mai ruƙiyya ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Kawuna na Danja ya ce ya san wani tsoho Bamaguje da ke da sassaƙen da ba ya ƙarya, aka kawo aka dafa, ta amayar. Gwaggo Talatu ta zo daga Funtuwa ta dubi idon Saude ta ce sammu ne, kuma ta san masu hassadar yarinyar nan tun tana ƙarama. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Ni kaɗai na san sunan ciwon, kuma na kasa faɗa. Malamin da ke koya wa 'ya'yan mutane gudun shaye-shaye, ta ina zai fara? Saude ma ba ta faɗa ba. Kallona kawai take yi ta cikin hayaƙin.

Da ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki, ba a nemi shawarar kowa ba. Babur ba ya ɗaukar wadda ta suma. Gwaggo ta kira ɗanta, cikin ɗan lokaci motarsa tana ƙofar gida. Ni na ɗauko ta, amma a kujerarsa aka kwantar da ita, ƙamshin turarensa ta shaƙa har muka isa.

A wani asibiti a Funtuwa muka sauka. Layin kati ya kai har rana, mai yankan katin ya tafi salla, ya dawo, ya sake tafiya. Wata nas ta daka mini tsawa wai me muke jira har ruwan jikinta ya ƙare haka. Ban ji haushinta ba, ko da yake da ta faɗa a hankali ma zan ji. Ita ce kuma ta yi ta neman jijiya a hannun Saude da haƙuri har ta samu, tana ce mata sannu ƙanwata. Allah ya saka mata. Aka ɗaura ruwa.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta fi Saude da yawa ba. Ta yi tambayoyi, Gwaggo tana amsawa da labarin sammu. Sai ta ce kowa ya fita sai mijin. Ta ja kujera kusa da gado ta tambayi Saude, kamar mai tambayar farashin gishiri, kwalba nawa take sha a rana. Saude ta rufe fuska da mayafi ta faɗa. Likitar ta juyo wurina ta tambayi yaushe aka daina, na gaya mata yadda na yi, har da ɗan alfahari.

"Malam," in ji ta, "tukunyar ƙasa da ta daɗe a kan wuta ba a kwara mata ruwan sanyi. Fashewa take yi. A hankali ake janye itacen."

Ta ce da tun ranar na kawo ta, da an sauke ta sannu a hankali ba ta sha wannan azaba ba. Ta ce ciwo ne, ba lalacewa ba, kuma ba Saude ce ta farko a wannan gadon ba. Sannan ta ce dole a gaya wa mai jinya gaskiya, domin ba a tsare ƙofar da ba a san ɓarawonta ba. Ni na gaya wa Gwaggo, a bayan ɗakin, ina kallon ƙasa. Sai ta ce, to, ai gara wannan, sammu ba a san ranar karyewarsa ba. Inna kuwa da ta ji za a haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa mai zuwa mako-mako, kuka ta sa, wai za a ce surukarta ta haukace.

Makon farko Gwaggo ce a ciki, ni a waje. Namiji ba ya zama a ɗakin mata sai lokacin ziyara. Ƙarƙashin wata darbejiya na tare da sauran mazan jinya, a miƙo takardar magani in ruga kemis, a ce babu wannan sai wancan shagon, in dawo a ce a yi gwajin jini. Abin da ke hannuna ya ƙare tun kafin mako ya cika. Kaka ce, masara ba ta da daraja, amma ita nake da ita, ta 'yar gonata. Mansir ya ce in bar ta a rumbu har ta yi tsada, shi zai ɗauki hidimar. Na ce na gode. Na kai ta wurin wani dillalin na sayar a wulaƙance. Na san wauta ce tun ina ɗaure buhunan.

Lokacin ziyara shi ne mafi wuya. In na shiga da kunu sai ta juya wa bango fuska. Ni ne wanda ya tsiyaye. In yi lallashi da duk kalmomin da na tara tun ina yaro, in ce mata hasken idona, in ce mata gidan ya zama kango, ko motsi ba ta yi. Sai Mansir ya shigo da hularsa a karkace ya ce, ke matar mai alli, an ce kin ƙi abinci, madalla, ragowar tawa ce. Ya ɗauki kofin kamar zai sha. Sai in ga gefen bakinta ya motsa, ta ce ɓeran rumbu ko kunun majinyaci bai bari ba, ta karɓe ta kurɓa. Gwaggo tana hamdala, ni ma ina hamdala. Kunun ni na dama shi a kan risho a ɗakin wani abokina.

Ba Mansir kaɗai ba. A mako na biyu, da aka ƙara rage mata maganin da suke sauke ta da shi, na same ta tana kuka mai cin rai, irin wanda na sha karantawa, wanda na sha mafarkin wata za ta yi domina. Na zauna na tambaye ta ko gida take tunawa. Ta girgiza kai. Ta ce ji take kamar an raba ta da wani nata, tana jin ɗanɗanonsa a harshe ko ta rufe ido. Ta ce lokacin da cikin ya zube kowa ya ce ta yi haƙuri, shi kaɗai ne bai ce mata komai ba, ya dai sa ta barci. Na fita na zauna a gindin darbejiya. Mutum yana iya zuwa ya tsaya a gaban ɗan'uwansa namiji ya ce ka fita harkar iyalina. Kwalba fa? Kalmar ma ta zame mini ƙaya. Masu dubiya su ce yaya mai jiki, in ji kamar da ni suke.

A mako na uku ta fara cin tuwo. Gudawa ta tsaya, rawar jiki ta ragu, ta nemi a tsefe mata kai. Ranar da ta karɓi lemon zaƙi daga hannuna ban ce komai ba, tsoron kada in ɓata. Likitan ƙwaƙwalwar, wani dattijo mai magana a hankali, ya zauna da mu biyu. Ya ce jiki ya kusa sakinta, amma zuciya tana daɗewa. Ya ce za a sallame ta, sai dai sharaɗi biyu: ta riƙa zuwa ganinsa duk mako, kuma kada ta koma layin da ta saba samu, ba yanzu ba, sai bayan watanni. Ya ce wanda ya bar rijiya da ƙishirwa ba a shimfiɗa masa tabarma a bakinta.

Mahaifiyar Saude tana wani ƙauye bayan Kafur, ba ta da ƙarfi, hanya kuma ba ta da kyau. Ni ba ni da halin kama wani gida a lokacin. Wuri ɗaya ya rage, kowa ya san shi: ɗakin Gwaggo Talatu, a cikin gidan Mansir.

A gindin darbejiyar aka yi zaman. Inna ta ce mace ɗakinta, ita za ta tare a gidanmu ta sa ido. Kawu ya ce abin kunya ne mutum yana raye matarsa ta zauna a gidan wani namiji, ko da ɗan'uwanta ne. Gwaggo ta ce ita ta goyi yarinyar nan, ba a koya mata riƙonta. Aka aika a tambayi Saude, ta ce duk abin da Malam ya ce. Aka zuba mini ido. Na ce a ba ni zuwa gobe.

Da za a watse, Mansir ya ja ni gefe kusa da motarsa. Bai yi wasa ba ranar.

"Malam, ƙanwata ce. In ka bar ta wurin tsohuwa, ko ƙofar ɗakin ba zan taka ba sai kana nan."

Ashe ya san zargin da nake yi masa. Duk tsawon lokacin nan ya sani. Na ji kamar an buɗe mini riga a kasuwa, kuma kirkin nasa ya fi komai ƙona ni.

Na hau mota zuwa Malumfashi da niyyar share ɗaki in dawo da matata. A hanya na shirya komai: Inna a tsakar gida, ƙofa a kulle, ni da ita da fitila, ina karanta mata labari har ta manta. Ina sauka a bakin layi na ga ƙofar Hajiya Uwani a buɗe, takalman mata a zaure. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, ta kanta ake miƙa wuta da gishiri. Hajiya ta leƙo da tsinken kitso a hannu, ta yi mini sannu da jinya da fuskar tausayi, ta ce duk layi an yi kewar Saude.

"Ka ce mata muna nan muna jiranta," in ji ta.

Na shiga gida na daɗe a tsaye ina kallon katangar. Ban share ɗakin ba. Na haɗa kayan sawarta a jaka, da carbinta, da bargon da take so. Washegari ni na riƙe jakar har ƙofar ɗakin Gwaggo, na wuce motar Mansir a tsakar gida, na ajiye. Na ce wa Mansir ya riƙa shiga yana tsokanarta, domin da tsokanarsa take cin abinci. Ban san ta ina maganar ta fito ba. Kafin in kai tasha na yi nadamarta sau uku.

Watannin nan na zama ɗan hanya. Ranar Juma'a in tafi Funtuwa, ranar Lahadi in dawo. Sauran ranakun in zauna ni kaɗai ina saƙa abin da ake yi a can: yanzu ya dawo daga kasuwa, yanzu ya kawo tsire, yanzu tana dariyar nan. Sau ɗaya Gwaggo ta kama ta tana lallaɓar wata 'yar aike zuwa kemis, aka koma wurin likita, bai yi faɗa ba, ya ce tuntuɓe ba faɗuwa ba ne. Na kai maganar Hajiya Uwani wurin mai unguwa, ta rantse ta maya ba ruwanta, amma taron hantsi ya ragu. Ina tara abin da zan kama ɗaki a wata unguwa can gefen gari.

Darasin Alhamis kuma na sake shi. Na goge saurayin nan mai jan ido. Na gaya wa yara abin yakan shigo gida da sunan magani, daga hannun mai kirki, kuma yakan kama mai salla, mai tsafta, mai kunya, mace ko namiji. Na ce kada su sha maganin da likita bai rubuta musu ba ko wa ya miƙo, kuma kada su yarda a aike su sayen abin da aka ce su ɓoye. In sun ga wani nasu ya kamu, kada su yi masa dariya, kada kuma a ƙwace a zubar a kulle shi, asibiti ake kai shi. Muka daina wasan tangaɗi. Wani uba ya zo ya yi ƙorafi wai ina ɓata sunan matan gari, hedimasta ya ba shi kujera ya saurare shi, ya ce darasi zai ci gaba. Da na ba Saude labari, ta ce akwai abin da na rage. Ta ce in daina ce musu abu ne mai ɗaci, domin ranar da suka ɗanɗana suka ji zaƙi za su ce Malam ƙarya yake yi. In gaya musu yana da daɗi, kuma daɗin ne tarkon. Na gaya musu. Aji bai taɓa yin tsit kamar ranar ba.

Kafin ruwan farko ya sauka likita ya ce za ta iya komawa. Gwaggo ta yi kuka, ta cika mana jaka da daddawa da kuka. Mansir ya ce zai kai mu, na yarda. Muka sauka a sabon gidan, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, katanga doguwa. Da suka tafi, Saude ta zauna a bakin ƙofa tana duban wurin da za ta kafa murhu. La'asar ce, ta yi ƙiba kaɗan, idonta a buɗe tar. Na san bai kamata in tambaya ba. Na zauna kusa da ita na ce, duk zaman nan da ta yi a Funtuwa, tsakanina da abin nan, wa ta fi kewa.

Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Matan littafi da tuni sun ba da amsa.

"Shi, Malam," ta ce. "Har yanzu wasu ranakun shi." Ta ɗago ta dube ni, ba ta sunkuyar da kai ba. "Amma wurinka na dawo."

Na tashi na je na ɗebo mata duwatsun murhu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa waɗanda suka tsaya mana, har da wanda ban iya yi wa godiya yadda ta kamata ba.